Rabe Fadlallah da Gidansa na Dikwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Maiduguri ta nufi Gamborun Ngala, bayan tafiyar kimanin kilomita 90 zai iso garin Dikwa. A cikin garin akwai wani tsohon gini na ƙasa, mai kaurin bango, wanda ake kira Gidan Rabe. Ginin yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa waɗanda hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya take riƙe da su. Mutumin da ya sa aka gina shi a shekarar 1894 ba Babarbare ba ne, ba kuma ɗan ƙasar Barno ba ne. Baƙo ne daga bakin Kogin Nilu, wanda ya ci daular Barno da yaƙi, ya mulke ta shekara bakwai, sannan ya mutu a hannun Faransawa. Bayan mutuwarsa, gidan nan ya shiga hannun Turawan mulkin mallaka iri uku, ɗaya bayan ɗaya.

Asalinsa da Sunansa

An haifi Rabe wajen shekarar 1842 a Halfaya, wani gari da ke arewa da Hartum a ƙasar Sudan. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Masar, wadda ta ci ta da yaƙi tun shekarar 1821. Sunan mahaifinsa Fadlallah, kuma wannan suna ne shi ma ya raɗa wa babban ɗansa. A wasu littattafai akan ga an rubuta Rabe Zubairu, abin da ya sa wasu ke ɗauka Zubairu ne ya haife shi. Zubairu ubangidansa ne kawai.

Shi kansa sunan yana da ɗan abin lura ga ɗalibin harshe. Asalinsa Rabih ne da Larabci, ma'anarsa mai cin riba, kuma tushensa ɗaya da kalmar riba ta ciniki wadda Hausa ta aro. Da yake Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, sai baƙin ƙarshe ya faɗi, aka sami Rabe. Bai kamata a haɗa shi da Rabi'u ba, domin wannan daga wani tushe ya fito daban.

Rabe ya fara da aikin soja a rundunar Masar, inda ya koyi sarrafa bindiga da faretin soja irin na zamani. Da ya bar aikin sai ya nufi kudu, yankin Bahar al-Gazal, ya shiga hidimar Zubairu Rahama Mansur, wani babban attajiri mai fataucin hauren giwa da bayi.

A Gidan Zubairu

Ba za a fahimci irin mulkin da Rabe ya yi a Barno ba, sai an san irin makarantar da ya fito. Fataken Bahar al-Gazal ba su dogara da kariyar wani sarki ba. Kowane babban attajiri yana da sansanoninsa da ake kira zariba, wato fili ne da aka kewaye da shingen ƙaya ko na itace, a ciki akwai ma'ajiyar kaya da ta albarushi da ɗakunan mayaƙa. Daga zariba ake fita hari, a cikinta ake tara abin da aka samo, mutanen ƙauyukan kewaye kuwa su ne masu noma abincin da za a ci. Mayaƙan da ke tsaron zariba yawancinsu bayi ne da aka kama suna yara aka koya musu harbi, ana ce da su bazingir. Irin wannan soja ba shi da gari sai sansani, ba shi da dangi sai tutar da yake bi.

Rabe ya yi fice a wannan aiki har ya zama ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙin Zubairu. Yana cikin rundunar da ta ci daular Darfur a shekarar 1874. Wannan nasara ta sa hukumar Masar ta tsorata da ƙarfin Zubairu, saboda haka da ya je Alkahira neman a tabbatar masa da mulkin ƙasar da ya ci, sai aka tsare shi aka hana shi komawa. Ɗansa Sulaimanu ya yi tawaye. Gwamnan Sudan na lokacin, Baturen Ingila mai suna Gordon, ya aika masa da runduna ƙarƙashin wani ɗan Italiya, Romolo Gessi. A watan Yuli na 1879 Sulaimanu ya miƙa wuya bisa tsammanin za a yi masa afuwa, amma aka harbe shi tare da manyan mutanensa.

Rabe ya ƙi bin Sulaimanu wajen miƙa wuya. Ya ja mayaƙa tsakanin 700 da 800, da bindigogi kimanin 400, ya yi yamma. Wannan abu da ya faru da ɗan ubangidansa bai bar zuciyarsa ba, kuma ana iya ganin tasirinsa a duk hulɗar da ya yi da Turawa daga baya.

Shekarun Yawo

Shekara goma sha uku ya yi yana kai da kawowa a ƙasashen da a yau suke cikin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi. Yana kama bayi, ya sayar da wasu ya sayi bindiga da albarushi, ya zuba wasu cikin rundunarsa. Yankuna da yawa sun zama kufai a sanadiyyar haka. Daular Wadai ta tare masa hanyar arewa, sai ya karkata. A shekarar 1890 ya tuɓe sarkin Dar Kuti ya naɗa Muhammadu Sanusi, ya kuma aura wa ɗansa Fadlallah 'yar Sanusin. Shekara guda bayan haka mutanen Sanusi suka hallaka ayarin wani Bafaranshe mai suna Paul Crampel, bindigogin zamani da ke cikin ayarin kuwa suka ƙare a hannun Rabe.

A tsakanin nan ne Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a Sudan a shekarar 1881, ya kuma ci Hartum a 1885. An aika wa Rabe da kira ya zo ya yi mubaya'a. Ya ɗauki tutar Mahadiyya da irin rigar mabiyanta mai faci-faci, amma bai taɓa zuwa Omdurman ba, bai kuma karɓi umarnin kowa ba. Ribar da ya ci daga wannan alaƙa ita ce ta jawo masa Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Hayatu ya bar Sakkwato ya zauna a Balda, a ƙasar Adamawa, ya karɓi Mahadiyya da zuciya ɗaya, yana kuma fatan ya sami rundunar da za ta kai shi gadon kakanninsa. Ya haɗu da Rabe, ya auri 'yarsa Hauwa. Hayatu ya kawo asali da malanta, Rabe ya kawo bindiga.

Cin Barno

A shekarar 1892 Rabe ya faɗa wa Bagarmi, ya yi wa sarkinta Abdurrahman Gwaranga ƙawanya ta watanni a Manjafa, har garin ya faɗi a 1893. Daga nan ya ƙetare Kogin Shari ya kama garin Logon, wanda yake ƙarƙashin Barno.

Barno ta wannan lokaci tana hannun zuriyar Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, mai sarauta kuwa shi ne Shehu Hashimi, wanda ya hau a 1885. Daula ce mai daɗaɗɗen suna, amma fadarta ta rabu gida-gida, cinikin hamada ya ja baya, kuma ƙarfin rundunarta yana ga barade masu sulke da lifidi, alhali yaƙi ya riga ya koma na bindiga da sahu. Shehu ya fara aika runduna ƙarƙashin Mamman Tar, aka karya ta a Amja. Ya fito da kansa, aka sake karya shi a Lekarawa. Sai ya gudu arewa ya bar Kukawa. Mayaƙan Rabe suka shiga birnin, suka kwashe dukiya, suka kama mutane, suka sa wuta. Kukawa, wadda al-Kanemi ya kafa a 1814, ba ta sake komawa yadda take ba.

Barebari ba su haƙura nan take ba. Aka kashe Hashimi, ɗan ɗan'uwansa Kiyari ya karɓi sarauta, ya tara jama'a ya tari Rabe a Gashegar, bakin Kogin Yobe. Da farko nasara ta karkata wajen Kiyari har mutanensa suka shiga sansanin abokan gaba, amma suka shagala da kwasar ganima. Rabe ya tattara mayaƙansa ya dawo musu. Aka kama Kiyari aka kashe shi.

Dikwa

Rabe bai zauna a Kukawa ba, ya zaɓi Dikwa. Garin yana cikin ƙasar firki, wato baƙar ƙasa mai riƙe ruwa inda ake dasa masakwa bayan damina, saboda haka runduna ba za ta rasa hatsi ba. Yana kusa da Larabawan Shuwa masu shanu, yana kuma kan hanyar Logon da Bagarmi inda ya baro mutanensa. A nan ya sa aka gina masa gida a 1894.

Wanda ya san zariba zai gane ta a wannan gini, sai dai an musanya ƙaya da tubali. Gida ne kuma sansani ne: bango mai tsawo da kauri, a ciki ga wurin zaman mai gida da iyalinsa, ga wurin zaman fada, ga ma'ajiyar makamai da albarushi. Manyan sarakunan yaƙinsa suka yi nasu gidajen a kewaye, garin ya cika da mayaƙa da bayi da fatake. Rundunar an kasa ta tuta-tuta, kowace tuta da shugabanta, kuma ana fitowa fareti a kai a kai domin a duba kowane soja da bindigarsa. Horon yana da tsanani ƙwarai. Bulala da kisa ba su da wuya a Dikwa.

Wajen sarrafa ƙasa bai rushe tsarin Barno ba. Ya bar ƙananan masu riƙe da gundumomi a wurarensu, ya ɗora nasa mutane a kansu. Ya ƙayyade haraji, ya kafa baitulmali, ya sa alƙalai suna shari'a, ya kuma tara hatsi a rumbuna saboda yaƙi. Wasu marubuta sun yaba wannan tsari, suna ganin ya fi na ƙarshen zamanin Shehunan Kukawa tsabta. Akwai gaskiya a ciki, amma tsari ne da aka gina domin ciyar da runduna, kuma talakan da ya kasa biya, ko garin da ya yi gardama, hari ne sakamakonsa. Noma ya ragu a wurare da yawa saboda mutane sun watse.

Babbar matsalarsa ita ce albarushi. Maƙwabtansa duka sun ɗauke shi annoba. Sakkwato ba ta amince da mai ɗauke da tutar Mahadi ba, balle wanda yake tare da mai neman gadon sarautarta. Damagaram da Wadai suna tsoronsa. Hanyoyin ciniki suka toshe, ayarin Larabawan Tarabulus da ya saba sauka a Kukawa ya ragu ƙwarai. Ya nemi sayen makamai daga kamfanin Turawan Ingila da ke ciniki a Kogin Binuwai, abin bai yi nisa ba. Shi kuwa Hayatu, ya gane cewa surukinsa ba shi da niyyar kai shi Sakkwato, ya zama kamar ɗaurarre a Dikwa. Da ya yi yunƙurin ficewa lokacin da Rabe ba ya gari, sai Fadlallah ya bi shi da runduna, aka kashe shi a hanya.

Akwai kuma abin da ake ƙullawa nesa da Dikwa. A watan Nuwamba na 1893 Ingila da Jamus suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ja iyaka daga Yola zuwa Tafkin Chadi. A watan Maris na 1894 Jamus da Faransa suka yi tasu, suka mai da Kogin Shari iyaka. Bisa waɗannan takardu Kukawa ta Ingila ce, Bagarmi ta Faransa, Dikwa kuwa ta Jamus. Ke nan tun magina ba su gama ɗora tubalin gidan Rabe ba, an riga an rubuta filin da sunan wata ƙasa wadda ko sojanta ɗaya bai taɓa taka wurin ba.

Karo da Faransawa

A shekarar 1897 wani Bafaranshe, Emile Gentil, ya biyo Kogin Shari cikin ƙaramin jirgin ruwa mai tururi har ya isa Tafkin Chadi. A hanya ya ƙulla yarjejeniyar kariya da Gwaranga na Bagarmi, wanda yake neman duk mai raba shi da Rabe. Rabe ya ɗauki wannan a matsayin tsokana, ya koma Bagarmi da yaƙi.

Shekarar 1899 ta zo da jini. A watan Yuli Rabe ya hallaka rundunar Bretonnet a duwatsun Togbao, ya kwashe igwoginta. A watan Oktoba aka rataye wani Bafaranshe ɗan kasuwa, Ferdinand de Behagle, wanda ake tsare da shi a Dikwa. A ƙarshen watan ya gwabza da Gentil a Kuno, kowane ɓangare ya yi hasara mai yawa, ba wanda ya gama da wani.

Faransa ta riga ta shirya rundunoni uku da za su haɗu a Tafkin Chadi. Ta Gentil ta taso daga Kwango. Ta biyu ta ratso hamada daga Aljeriya ƙarƙashin Foureau da Manjo Lamy. Ta uku ita ce wadda ƙasar Hausa ta fi sani, wato ta Voulet da Chanoine, wadda ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta bar gawawwaki a duk inda ta bi. Bayan sojojinsu sun kashe shugabannin nan biyu, ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen Yulin 1899, sannan wani sashe nata ya wuce gabas ƙarƙashin Joalland da Meynier.

Rundunonin uku suka haɗu a Kusuri, inda Kogin Logon ya haɗu da Shari. Ranar 22 ga Afrilu, 1900, Lamy ya jagoranci sojoji kimanin 700, tare da mayaƙan Bagarmi, suka auka wa sansanin Rabe da ke kusa da garin. Igwa ta fasa shingen, mayaƙan Rabe suka watse, sannan suka juyo da wani farmaki na ƙarshe wanda a cikinsa aka yi wa Lamy raunin da ya kashe shi a ranar. Rabe ya sami rauni, aka cim masa yana ƙoƙarin tsira, aka kashe shi, aka yanke kansa aka kai sansanin Faransawa, har aka ɗauki hotonsa. Bayan wata guda Gentil ya kafa sansani a ɗaya gaɓar kogin ya sa masa suna Fot Lami. Shi ne garin da aka sake wa suna Injamena a 1973.

Saboda wannan ƙarshe nasa, akan sa Rabe a sahun shugabannin Afirka da suka yi tsayayya da mulkin mallaka, tare da irin su Samori Ture da Sarkin Musulmi Attahiru. Lalle ya yaƙi Faransawa, ya ci su a Togbao, ya kuma mutu a fagen fama bai miƙa wuya ba. Sai dai kwatancin yana da rauni. Attahiru ƙasar kakanninsa ya tsaya wa, Rabe kuwa abin da ya ƙwata shekara bakwai da suka wuce yake karewa. A ranar Kusuri mutanen Bagarmi suna ɓangaren Faransawa, kuma 'ya'yan gidan al-Kanemi sun riga sun haɗa kai da su domin su karɓi gadonsu. Malamin da zai koyar da wannan tarihi a ajin da ke da 'ya'yan Barebari ya kamata ya san cewa Rabe ba gwarzo ba ne a wurin kowa.

Gidan Bayan Mai Shi

Fadlallah ya janye daga Dikwa da ragowar runduna. Ya nemi Turawan Ingila su amince da shi a matsayin mai mulkin Barno, suna cikin duba maganar sai Faransawa suka tsallaka iyaka suka kashe shi a Gujba a watan Agusta na 1901.

Faransawa suka zauna a Dikwa, ko da yake a takarda ba tasu ba ce. Suka tabbatar da Shehu Sanda Kura, suka ɗora masa biyan kuɗi masu yawa a matsayin ladan kawar da Rabe, ba a jima ba suka tuɓe shi suka naɗa ɗan'uwansa Abubakar Garbai. A 1902 Turawan Ingila suka jawo Garbai zuwa nasu ɓangaren, inda daga bisani ya zauna a Yerwa a 1907. A shekarar 1902 ɗin dai Jamusawa suka iso suka karɓi Dikwa, aka bar wani reshe na gidan al-Kanemi yana sarauta a can. Ta haka Barno ta sami Shehu biyu, iyakar Turawa a tsakaninsu, gidan Rabe kuwa ya zama mazaunin hukuma a bakin iyakar Jamus.

Jamus ta rasa Kamaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Dikwa ta koma hannun Ingila a 1916, aka riƙa mulkinta a matsayin ƙasar amana tare da Lardin Barno. A 1942 aka mayar da hedikwatar masarautar zuwa Bama, garin ya rage armashi. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi zama cikin Nijeriya, Dikwa ta shigo tare da su a watan Yuni na shekarar.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Kowace damina tana cin rabonta, in aka yi sakaci shekaru kaɗan sai soro ya rufta, bango ya zube. Saboda haka abin da mai ziyara zai gani a Dikwa ba duka ne aikin maginan 1894 ba. An yi ta gyara, an sake tayar da sassan da suka faɗi bisa tsohon harsashi, kuma kowane mai riƙo ya taɓa ginin gwargwadon bukatarsa. Wannan bai rage masa daraja ba, domin haka ganuwar Kano da Gidan Makama suke. Abin da ya wajaba ga mai kai ɗalibai irin wannan wuri shi ne ya riƙa bambance musu tsarin gini, wanda shi ne tsoho, da ƙasar da aka yaɓa, wadda ta yiwu ba ta girme su ba.

A shekarar 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Dikwa, jama'a da yawa suka gudu zuwa Maiduguri. Sojojin da suka fara shiga garin suka kore su a farkon 2015 na ƙasar Chadi ne, waɗanda gwamnatinsu take zaune a Injamena, tsallaken kogi daga inda Rabe ya faɗi.